Azumin Waɗanda Suka Gabace Mu da Haƙƙin Mai Kala: Bayani a kan Littattafan Yahudu da Nasara

 

Majalisinmu na yau amsa ce ga tambayar da wani matashi ya aiko mana. Ya ce ya ji a wurin tafsiri, cikin Suratul Baƙara, cewa an wajabta mana azumi kamar yadda aka wajabta wa waɗanda suka gabace mu. Yana son ya san ko su wane ne, kuma yaya azuminsu yake. Ya ƙara da cewa yana da maƙwabcin gona Kirista, kanal ɗaya ke ba su ruwa a fadamar Jiratawa, kuma wani lokaci in sun zauna hutawa maƙwabcin yakan ba shi labarin abin da ke cikin littafinsu. To shin ya yi laifi da ya saurara? In ya saurara, gaskatawa zai yi ko ƙaryatawa?

Tambayar ta cancanci a tsaya a kanta, domin mutanen nan ba nesa suke da mu ba. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka kafa mazauni a Tsibiri. A 1932 aka buga littafinsu cikakke da harshen Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya ya yi wa jagora. A 1956 suka buɗe asibitin kutare a Danja, nan kusa da mu. Yau Kiristocin da ke tsakaninmu mafi yawansu ƴan ƙasa ne, Hausa suke yi, kasuwa ɗaya muke ci. Wanda bai san hukuncin zama da su ba, ko dai ya sake har aƙidarsa ta yi rauni, ko ya tsananta har ya zalunci maƙwabci, kuma duka biyun asara ce.

Mu ba mu yi karatun boko ba. Abin da za mu ambata daga littafinsu, wani dattijo daga cikinsu da muka daɗe muna gaisawa ne ya karanta mana, sannan muka sa almajiranmu masu karanta boko suka duba suka tabbatar. Ma'ana za mu kawo, ba lafazi ba.

Abin da ke hannunsu

Imani da littattafai rukuni ne daga rukunan imani shida. Mun yi imani Allah Ya saukar da Attaura ga Annabi Musa, Zabura ga Annabi Dawuda, Linjila ga Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare su. Wanda ya musa wannan ya fita daga Musulunci. Amma littafin da ke hannun maƙwabtanmu tarin littattafai ne da aka rubuta a zamuna mabambanta. Kashi na farko, wanda suke kira Tsohon Alkawari, asalinsa da Ibrananci ne, kuma shi kaɗai Yahudawa suka yarda da shi. A cikinsa akwai littattafai biyar da ake jingina wa Annabi Musa, da tarihin Banu Isra'ila, da Zabura mai waƙoƙin yabo 150, da littattafan annabawansu. Kashi na biyu, Sabon Alkawari, da Girkanci aka rubuta shi. Ya ƙunshi labarin Annabi Isa ta riwayoyi huɗu, na Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, sai wasiƙu, mafi yawansu na Bulus. A wurin ƴan mishan jimlar littattafan 66 ce, 39 a kashi na farko, 27 a na biyu. Na ƴan Katolika sun ɗara haka.

Aƙidarmu ita ce, abin da aka saukar da abin da hannun mutane ya rubuta sun cakuɗa, kuma Alƙur'ani shi ne mai shaida da hukunci a kan abin da ya gabace shi, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida. Daga nan malamai suka fitar da ma'auni.

Ma'aunin malamai

Imamul Buhari ya ruwaito cewa Yahudawan Madina suna karanta Attaura da Ibrananci su fassara wa Musulmi da Larabci, sai Manzon Allah ya hana a gaskata su kuma ya hana a ƙaryata su. Ya kuma ruwaito izinin ba da labari daga Banu Isra'ila ba tare da laifi ba. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Annabi bai ji daɗi ba da ya ga takardar Ma'abota Littafi a hannun Sayyidina Umar. Ga kuma Zaidu ɗan Sabit, wanda Annabi da kansa ya umurce shi ya koyi rubutun Yahudawa. Malamai irin su Ibnu Kasir, a gabatarwar tafsirinsa, suka haɗa waɗannan suka kasa labaran kashi uku. Abin da Alƙur'ani da Sunna suka tabbatar, gaskiya ne. Abin da suka saɓa masa, a mayar da shi. Abin da suka yi shiru a kansa, ya halatta a faɗe shi don izina, ba a gaskata ba, ba a ƙaryata ba, kuma ba a gina hukunci ko aƙida a kansa.

Da wannan ma'auni za mu auna duk abin da zai biyo baya.

Azuminsu

Yahudawa suna da rana guda a shekara da suke kira Ranar Kafara, ranar goma ga watansu na bakwai. Daga faɗuwar rana zuwa faɗuwar rana ta gaba ba ci ba sha, ana tuba ana neman gafara. Mu kuma mun san daga Buhari da Muslim cewa Annabi ya iske Yahudawan Madina suna azumin Ashura don godiya a kan kuɓutar da Annabi Musa daga Fir'auna, ya nuna mu ne mafi cancanta da Musa, ya azumce ta ya yi umurni da a azumce ta. Littafinsu ya ce Annabi Musa ya yi kwana arba'in a kan dutse bai ci bai sha ba, kuma dare arba'in ɗin nan na ganawa yana cikin Suratul A'araf. Kiristoci suna cewa Annabi Isa ya yi azumin kwana arba'in a jeji, shi ya sa ƴan Katolika suke da kwanaki arba'in na ƙanƙantar da kai kafin babban idinsu, inda suke rage abinci su bar nama a wasu ranaku. Siffar azuminsu daban take da tamu. Muslim ya ruwaito cewa cin sahur ne ya rarrabe azuminmu da na Ma'abota Littafi, don haka kada mai azumi ya raina sahur ko da kurɓin ruwa ne.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da littafinsu ya faɗa game da ruhin azumi. A littafin da suke jingina wa Ishaya, wanda malaman ƙissa suke kira Sha'aya, mutane sun yi ƙorafi cewa sun yi azumi amma Ubangiji bai dube su ba. Aka amsa musu cewa a ranar azumin nasu suke matsa wa ma'aikatansu, suna husuma da dambe. Azumin da ake so shi ne a kwance wanda aka ɗaure da zalunci, a raba abinci da mayunwaci, a shigar da marar masauki gida, a tufatar da marar tufa. Wannan ma'ana tana cikin kashi na farko, domin Buhari ya ruwaito cewa wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba Ya da buƙatar ya bar ci da sha. A riwayar Matiyu an hana mai azumi ya ɓata fuska don mutane su gane yana azumi, an ce ya wanke fuskarsa ya shafa mai, an kuma ce mai sadaka ya ɓoye ta har hannu ɗaya bai san abin da ɗayan ya bayar ba. Wanda ya san hadisin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarSa ya san wannan misali, domin ɗaya daga cikinsu mai irin wannan sadaka ne. Riya tsohuwar cuta ce, kowace al'umma an gargaɗe ta a kanta.

Gona da kasuwa

Banu Isra'ila manoma ne da makiyaya kamarmu, shi ya sa dokokinsu suka sauko har cikin gona. A littafi na uku da na biyar daga biyar ɗin nan an umurci mai gona kada ya girbe har iyakar gonarsa, kada ya tsince abin da ya zube, kuma in ya manta da dami a gona kada ya koma ya ɗauko. Wannan rabon matalauci ne da baƙo da maraya da matar da mijinta ya rasu. Suna da ɗan littafi guda da aka gina a kan wannan, labarin wata mata mai suna Rut, baƙuwa daga ƙasar Mowab, wadda mijinta ya mutu ta ƙi rabuwa da surukarta. Ta fita kala a lokacin girbin sha'ir a Baitalami, mai gonar ya ce wa masu girbi su riƙa zubar mata da gangan kuma kada su kunyata ta. Suna cewa daga zuriyarta Annabi Dawuda ya fito. Wannan nasaba tana cikin kashi na uku, mun yi shiru a kanta. Amma haƙƙin miskini a ranar girbi yana cikin Suratul An'am, kuma a Suratul Ƙalam an ba mu labarin masu lambun da suka yi rantsuwa za su yi sammako su girbe kafin miskinai su farka, suka iske lambun ya ƙone.

Ku dattawa kun tuna yadda kala take a ƙasar nan. Bayan an ɗaure hatsi, tsofaffin mata da yara sukan bi gonaki, su yi kalar hatsi da gyaɗa da wake, ba mai korarsu. Mace marar miji takan tara abin da zai kai ta wata guda ko fiye. Yau gonaki sun ƙanƙance, baki ya yi yawa, har kara da harawa sun zama kuɗi, mai gona yana share gonarsa ƙal kamar tsakar gida. Ba mu ce sayar da kara haramun ne ba. Muna cewa tsohuwar da ta saba rayuwa da kala tana nan, yunwarta ba ta tafi ba don kala ta tafi. Zakkar hatsi wajibi ce in ya kai nisabi, wato wusƙi 5, sa'i 300: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin ga abin da aka shayar da wahala da kuɗi, kamar na masu biyan kuɗin ruwa a fadama. A mazhabar Imamu Malik zogale da sauran kayan lambu ba a fitar da zakka daga ainihinsu. To kada mai zogale ya ɗauka an sallame shi daga maƙwabciyarsa mai marayu. Ƙofar sadaka a buɗe take, kuma wannan wata shi ne lokacinta.

Dokokinsu sun ce a biya ɗan ƙodago ladansa a ranar, kada rana ta faɗi da haƙƙinsa a hannun mai aiki, domin talaka ne, a kan kuɗin ya sa ransa. Ibnu Majah ya ruwaito umurnin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, Buhari kuma ya ruwaito cewa wanda ya sa aiki aka gama masa ya hana lada, Allah da kanSa ne abokin husumarsa ranar ƙiyama. Duk wanda yaran ƙodago suka yi masa noma ko dashe ko tsinkar ganye yana ce musu sai ranar kasuwa alhali kuɗin na aljihunsa, ya duba azuminsa.

Sun hana mutum ya ajiye ma'auni biyu a gidansa, babba da ƙarami. Wannan shi ne laifin mutanen Annabi Shu'aibu, kuma sura guda aka saukar da sunan masu tauye mudu. Mai tiyar saye daban, tiyar sayarwa daban, ko mai buga gindin tiya ya shigar da shi ciki, ya sani littafin Musa da littafin Muhammadu sun haɗu a kansa. Sun kuma hana a karɓi dutsen niƙa jingina, domin da shi gida ke ci, kuma in an karɓi mayafin talaka jingina a mayar masa kafin dare ya kwana da shi. Jingina halal ce a wurinmu, Annabi ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Amma mai karɓar jinginar gona ya yi shekaru yana cin amfaninta bashin na nan yadda yake, ya tambayi malami, domin bashin da ya jawo amfani ƙofar riba ce. A nan akwai bambanci da ya kamata a sani: littafinsu ya hana cin riba tsakaninsu ya ƙyale ta a kan baƙo, mu kuwa an haramta mana ita a kan kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Ƙissar Annabi Yusufu tana wurinsu tana wurinmu: shekaru bakwai na yalwa, bakwai na fari. Nasu ya ce an tara ɗaya bisa biyar na amfanin ƙasar Masar. Namu ya ƙara da abin da kowane manomi zai gane, cewa a bar hatsin cikin zangarniyarsa, kamar yadda kakanninmu suke zuba damma a rumbu ba a sussuke ba don ya daɗe. Mu da muka ga yunwar 1973 da ta 1984 da ta 2005 ba ma buƙatar a yi mana dogon sharhi. Wanda ke sayar da hatsinsa da kaka don biki, ya dawo da bazara yana saye da tsada ko yana cin bashi, bai ɗauki darasin wannan sura ba. Tanadi ba ya warware tawakkali, annabi ne ya koyar da shi.

Game da marasa lafiya, littafinsu na farko ya yi dogon bayani a kan keɓe mai cutar fata daga jama'a, riwayoyin Annabi Isa kuma suka ce ya taɓa irin waɗannan da hannunsa suka warke. Alƙur'ani ya tabbatar da cewa yana warkar da makaho da mai albaras da izinin Allah. Daga wannan ne mutanen Danja suka ɗauki himmar wanke gyambon kutare a lokacin da da yawa daga cikinmu suke gudunsu, kuma a 2012 aka ƙara buɗe wurin aikin mata masu yoyon fitsari a can. Ba mu jahilci cewa aikin mishan yana tafiya da kira zuwa ga addininsu ba. Neman magani a wurinsu halal ne, mutum ya riƙe addininsa. Amma mu tambayi kanmu: Muslim ya ruwaito hadisi ƙudusi inda Allah zai tuhumi bawa a kan marar lafiyar da bai gaishe ba da mayunwacin da bai ciyar ba. Me masallatanmu suka tanada wa matar da miji ya guje ta saboda wannan lalura?

Inda muka rabu

Kada mai saurare ya ɗauka duk abu ɗaya ne. Mun rabu da su a kan tushe. Allah ɗaya ne, bai haifa ba, ba a haife Shi ba, kuma Annabi Isa bawanSa ne, manzonSa, ɗan Maryamu tsarkakakkiya. Suna cewa an gicciye shi, Suratun Nisa'i ta kore wannan. A kashi na farko na littafinsu akwai labaran da suka jingina manyan laifuka ga Nuhu da Luɗu da Haruna da Dawuda da Sulaimanu. Mu aƙidarmu annabawa ma'asumai ne, ba mu karɓar waɗannan, kuma wanda ya ƙera ɗan maraƙi a wurinmu Samiri ne, ba Haruna ba. Wasu daga irin waɗannan labarai sun kutsa cikin littattafan tafsiri, shi ya sa Alƙali Iyal a cikin Ashafa ya gargaɗi mai karatu a kan abin da ake faɗa game da Annabi Dawuda. Masu tafsiri a wannan wata su lura da abin da suke jefa wa jama'a.

Rabuwa a aƙida kuwa ba ta ba da izinin cutarwa. Suratul Ankabut ta ce a yi jayayya da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau. Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba. Suratul Ma'ida ta halatta abincinsu. Suratul Hajji ta ambaci wuraren ibadarsu tare da masallatai cikin abin da Allah ke tsarewa daga rushewa. Annabi ya gaishe da yaro Bayahude da ke jinya, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, kuma sarkin Habasha Kirista ne lokacin da ya ba sahabbai mafaka. Mun ga abin da ya faru a watan Janairu na 2015 a Damagaram da Yamai, inda aka ƙona coci-coci rayuka suka salwanta saboda ɓatancin da wata jarida ta yi a Faransa. Zafin da Musulmi ya ji a kan Annabinsa gaskiya ne, mu ma mun ji shi. Amma maƙwabcin da aka ƙone wa ɗakin ibada ba shi ya yi zanen ba, kuma shari'a ba ta ɗora wa rai laifin wani rai.

To ɗanmu mai tambaya, ga amsarka. Saurare ba laifi ba ne, matuƙar ba ka mayar da shi wurin neman shiriya ba. In maƙwabcinka ya faɗi abin da ka san Alƙur'ani ya tabbatar, ka ce masa mu ma haka yake a wurinmu. In ya faɗi abin da ya saɓa, ka ce masa mu ba haka muka yi imani ba, cikin ladabi ba da zagi ba. In ba ka sani ba, ka ce Allah ne Masani, ka zo ka tambaya. Kada ka shiga jayayyar da ba ka da guzurinta, ka fara ƙarfafa tauhidinka da karatun Alƙur'aninka. Ka tsare masa rabonsa na ruwa ranar da ba ya nan, ka gaishe shi in ya yi ciwo, ka aika masa da kunun buɗa-baki, ya san Musulunci ta hannunka.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya sa mu cikin ƴantattun wannan wata. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure daga gare mu ne, muna neman gafararSa.